Amana da Yarda da Kai a Harshen Latin: Tambayoyi da Amsoshi

Masu neman kalmomin Latin a kan yarda da amana iri-iri ne. Akwai shugaban makaranta da ke son take mai nauyi a ƙasan tambari, akwai ɗalibin shari'a da ke cin karo da bona fide a kowane shafi, akwai kuma wanda son harshe kawai ya kawo shi. Tambayoyinsu sukan zo kusan iri ɗaya, shi ya sa na tara su wuri guda. A bakin Rumawa, yarda da kai da riƙon amana daga saiwa ɗaya suka tsiro, kuma mutanen nan sun raba tsakanin wanda akwai abin da ya taka da wanda tsaurin ido kawai ke ɗibarsa.

Wace kalma ce ta fi dacewa da "yarda da kai" a Latin?

Fiducia. In kana so "kai" ɗin ya fito fili, sai ka ce fiducia sui, wato yardar mutum da kansa. Kalmar ta fito daga aikatau fidere, dogara ko yarda, kuma marubutan Rum sukan biyo ta da sunan abin da aka dogara da shi: fiducia virium ga mai ji da ƙarfinsa, fiducia formae ga mai ji da kyanta, fiducia loci ga wanda wurin tsayuwarsa ne ya ba shi ƙwarin gwiwa.

Wannan ta ƙarshen tana cikin labarin da Yuliyus Kaisar ya rubuta na yaƙinsa da mutanen Gol, ƙasar da yau take Faransa. A shekara ta 52 kafin Miladiyya, kusa da garin Abarikum, abokan gabansa suka hau wani tudu da fadama ta kewaye, suka karya gadoji, suka zauna suna jiransa ba ko ɗar. Kaisar ya duba wurin, ya ga kutsawa asarar rayuka ce, ya mayar da sojojinsa sansani. To fiducia ke nan, ƙarfin zuciyar da in ka tambayi mai shi dalili zai nuna maka da yatsa.

Akwai kuma fidentia, wadda ba ta yaɗu sosai ba. Sisero, lauya kuma ɗan siyasar nan da ake rubuta sunansa Cicero, wanda ya rayu daga 106 zuwa 43 kafin Miladiyya, ya bayyana ta da cewa hali ne da zuciya ke ɗora wa kanta yarda mai yawa, tare da tabbataccen fata, a cikin al'amura manya masu daraja. A lura da sharaɗin da ya sa: sai al'amarin ya zama mai daraja.

To confidentia fa? Ba ita ce uwar kalmar da Turawan Ingila da na Faransa ke amfani da ita ba?

Ita ce, kuma a nan mutane da yawa ke zamewa. Wanda ya yi boko a Kano ko Zariya zai ga confidentia ya tuna da confidence ta Ingilishi, na Damagaram ko Maraɗi ya tuna da confiance ta Faransanci, sai duk su ɗauka yabo ce zalla. A tsohon Latin kuwa kalmar tana da fuska biyu, kuma sau da yawa mummunar fuskar ce ke gaba: tsaurin ido, rashin kunya, shiga sharo ba shanu.

Misali yana cikin wani wasan kwaikwayo da Terens ya rubuta, aka nuna shi a Rum a 161 kafin Miladiyya. Wani bawa yana ba da labarin Formiyo, ɗan kwaɗayi mai bin gidajen masu hali don cin abinci, sai ya kira shi homo confidens, ya bi shi da tsinuwa. Ba jaruntarsa yake yabo ba, cewa yake mutumin bai san kunya ba. Shekaru fiye da ɗari bayan haka, a 45 kafin Miladiyya, Sisero ya koka da wannan. Ya ce jarumi shi ne fidens, kuma ya zaɓi wannan kalma ne saboda mugun sabon baki ya mayar da confidens aibi, alhali daga confidere ta fito, wadda yabo ce.

Saboda haka aikatau ɗin confidere lafiyarsa lau, ana amfani da shi ba fargaba. Sunan confidentia da siffar confidens su ne ke buƙatar taka-tsantsan. Ni dai ba zan sa su a bangon makaranta ba.

Me fides take nufi? Imani ne, ko amana, ko alkawari?

Ta ɗauki dukansu, amma in an ce in zaɓi kalmar Hausa ɗaya, amana zan ce. Dalili shi ne fides kamar igiya ce mai baki biyu: akwai yardar da ka ba wani, akwai kuma halin da ke jikinsa wanda ya sa ka yarda da shi. Fidem habere, ka yarda da mutum. Fidem dare, ka ba shi alkawarinka. Fidem servare, ka cika. Fidem fallere, ka saɓa.

A 44 kafin Miladiyya Sisero ya rubuta wa ɗansa Markus, da ke karatu a Atina, littafi kan wajiban mutum, De Officiis. A ciki ya ce fides ita ce harsashin adalci, ya kuma fassara ta da tsayuwa da gaskiya a kan abin da aka faɗa da abin da aka ƙulla. Faɗa da cikawa ke nan a Hausance.

Kalmar ta shiga kasuwa ma. Lokacin yaƙin basasar Rum, a ƙarshen 49 kafin Miladiyya, Kaisar ya rubuta cewa fides ta ƙuntata a duk Italiya, ba a biyan bashi. Abin da yake nufi, ba mai yarda ya ba wani rance. Sai ya sa aka naɗa masu ƙiyasi su kimanta kadarori a kan farashin kafin yaƙi, a biya masu bin bashi da su. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar kaya a Kantin Kwari da baki kawai, a biya bayan an sayar, ya san wannan ma'ana ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ta shiga tsakanin ubangida da yaronsa kuma. Talakan Rum da ya raɓu da babban mutum akan ce yana in fide ɗin mutumin, wato cikin amanarsa. Dokokin Alluna Goma Sha Biyu, na 451 zuwa 450 kafin Miladiyya, sun ce ubangidan da ya cuci wanda ya raɓu da shi ya zama la'ananne. Wannan doka tana burge ni, domin a kan mai ƙarfi ta ɗora nauyin.

Da gaske ne Rumawa sun gina wa Fides ɗakin bauta?

Gaskiya ne. Rumawan wancan zamani masu bautar gumaka ne, kuma sukan ɗauki hali kamar fata ko haɗin kai su mayar da shi abin bauta. Masanin tarihinsu Libiyus ya ce Numa, sarkin Rum na biyu, shi ya kafa hidimar Fides. Ya umarci masu jagorancin bauta su je wurin a keken dawaki biyu mai rumfa, su yi hidimar da hannu a naɗe cikin ƙyalle har yatsu, don nuna cewa amana abar kiyayewa ce kuma mazauninta hannun dama ne, wanda ake musafaha da shi.

A tsakiyar ƙarni na 3 kafin Miladiyya wani shugaba, Atiliyus Kalatinus, ya gina mata ɗaki a kan dutsen Kafitol, kusa da na Jufita, babban abin bautarsu. Ranar bikinta 1 ga Oktoba. A jikin bangon wurin ake kafe allunan tagulla masu ɗauke da yarjejeniyoyin Rum da wasu ƙasashe, majalisar dattawa ma takan zauna a ciki.

Daga baya hoton hannaye biyu a haɗe ya hau kan sulalla. A shekara ta 69 Miladiyya, wadda sarakuna huɗu suka yi ta ƙwacen gadon mulki a cikinta, Biteliyus, ɗaya daga cikinsu, ya buga kuɗi da rubutun FIDES EXERCITVVM, amanar rundunoni. A shekarar da biyayyar soja ta fi zama abar shakka aka fi buƙatar buga ta a jikin kuɗi. Shi kansa Biteliyus bai ga ƙarshen shekarar da rai ba.

Daga ina kalmar ta samo asali, kuma su wa ye danginta?

Sisero ya bi wani hasashe cewa fides daga fiat quod dictum est ta fito, "a aikata abin da aka faɗa". Maganar tana da daɗi amma masana harshe ba su karɓe ta ba. Sun gano saiwar tana komawa tsohon harshen da Latin da Girkanci da Sanskirit suka gada, kuma 'yar uwarta a Girkanci ita ce pistis, yarda.

Danginta a Latin suna da yawa: fidus da fidelis, amintacce, fiducia, confidere, da foedus, yarjejeniya tsakanin ƙasashe. Daga foedus aka samo kalmar federal da ke cikin sunan Najeriya na Turanci, wadda muke fassarawa da tarayya. Kalmar faith da ke cikin taken ƙasar a ƙasan tambari ita ma jikar fides ce, ta biyo ta tsohon Faransanci.

Mai jin Hausa yana da sauƙin gane wannan zumunci, domin mu ma mun aro dangi guda daga saiwar Larabci ɗaya: amana, imani, aminci, amini, mumini. Saiwar Larabcin da ta Latin ba su haɗa asali ba ko kaɗan. Hanyar da ma'ana ta bi ce ta zo ɗaya.

Mene ne bambancin fidere da credere?

Fidere jingina ce, ka ɗora nauyinka a kan mutum ko abu. Credere kuwa gaskatawa ce da damƙawa: ka yarda da maganar wani, ko ka sa dukiyarka a hannunsa. Masana da dama suna ganin asalinta "ajiye zuciya" ne. Daga ita aka sami creditor, mai bin bashi, da creditum, abin da aka ranta, kakan kiredit ɗin da muke sa wa waya.

A waƙar Aeneid ta Birjil, mawaƙin Rum, da mutanen Taroya suka ga dokin katakon da Girkawa suka bari a bakin gari, wani ya yi musu gargaɗi da equo ne credite, kada ku yarda da dokin nan. Shi kuwa ɗan leƙen asirin da ya yaudare su har suka shigar da dokin, mawaƙin ya kira shi fidens animi, mai dakakkiyar zuciya. A wuri ɗaya ka ga aikatan biyu, kowa a gurbinsa.

Me ya sa nake ganin fiducia a littattafan shari'a?

Domin suna ce ta wata ƙulla a dokar Rum, kuma a ganina nan ne zuciyar kalmar ta fi bayyana. Gayus, malamin shari'a da ya rubuta littafin koyarwarsa wajen 161 Miladiyya, ya kasa ta biyu. Fiducia cum creditore, wadda ake yi da mai bin bashi, ta yi kama da jingina. Fiducia cum amico, wadda ake yi da aboki don kaya su fi tsira a wurinsa, ta yi kama da ajiya.

Sai dai akwai wani abu da ya bambanta ta da jinginarmu. A fiducia mallakar kayan gaba ɗaya kake miƙawa. Ana tara shaidu biyar, baligai 'yan ƙasa, da mutum na shida riƙe da sikelin tagulla, a yi sigar ciniki, gonarka ko sanka ko dokinka ya zama na wancan a idon doka. Abin da ya rage maka shi ne alkawarinsa cewa zai mayar in ka biya bashin, ko in hatsarin ya wuce. Ka ga girman yardar da ake buƙata. In ya ƙi mayarwa akwai ƙara ta musamman, actio fiduciae, kuma ma'aunin da alƙali ke dubawa shi ne ko an yi mu'amala yadda ya kamata a yi tsakanin mutanen kirki, ba ha'inci. Wanda aka kama da laifi yakan faɗa cikin infamia, zubewar mutunci a hukumance, wadda ke rage masa wasu haƙƙoƙi a gaban kotu. Lokacin da Sarki Jastiniyan ya tattara dokoki a 533 wannan ƙulla ta riga ta mutu, amma sunanta ya rayu a dokokin amintattu na yau.

Kusa da ita akwai fideicommissum. Mai wasiyya yakan roƙi magajinsa ya miƙa wani kaso ga wani mutum, yana cewa ya damƙa wa amanarsa. Da farko kunya ce kaɗai ke tilasta wa magajin. Sarki Agustus ne ya sa hukuma ta fara shiga maganar. Mai tsaya wa wani a bashi kuwa fideiussor ake ce masa.

In ka riƙe wannan hoto, fiducia sui za ta yi maka sabuwar ma'ana: mutum ya miƙa wa kansa ajiya, yana da tabbacin zai same ta yadda ya bar ta.

Bona fide ko bona fides, wanne ne daidai?

Dukansu, kowanne da wurinsa. Sunayen Latin suna canza ƙarshe gwargwadon aikinsu a jimla. Bona fides ita ce "kyakkyawar niyya" a matsayin suna, kuma tilo ce, harafin s ɗin nan ba alamar jam'i ba ne. Bona fide kuwa "da kyakkyawar niyya". Kishiyarsu mala fides da mala fide.

A Rum, shari'o'in saye da sayarwa, haya, haɗin gwiwa, wakilci da ajiya alƙali yakan yanke su ex fide bona, bisa abin da gaskiya da amana suka hukunta, ko da ba a furta shi a yarjejeniya ba. Sisero ya kawo wata mas'ala da har yau take da rai. Ɗan kasuwa ya ɗauko hatsi daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodos ana tsakiyar yunwa, farashi ya yi sama. Shi kaɗai ya san wasu jirage maƙare da hatsi suna tafe a bayansa. Ya faɗa wa mutanen garin, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Masana falsafa biyu suka saɓa. Diyojinis ya ce bai yi ƙarya ba, shirunsa halal ne. Antifata ya ce haƙƙin ɗan Adam a kan ɗan'uwansa ya hana. Sisero ya goyi bayan a faɗa, yana cewa ɓoye abin da ka san zai amfani mutane don ribarka ba halin mai gaskiya ba ne. Ina tare da shi.

Takardar rantsuwar da ake karɓowa a kotu, affidavit, ita ma daga wannan gida take. Latin ɗin tsakiyar zamani ne, ma'anarsa "ya rantse". A harkar inshora kuma lauyoyi suna cewa uberrima fides, amana mafi cika, domin dole mai neman inshora ya bayyana duk abin da ya sani game da hatsarin.

Rumawa sun riƙe amanar kamar yadda suke faɗa?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi. Sun yi alfahari da fides ƙwarai, har suka mayar da rashinta tambarin abokan gabansu. Punica fides, "amanar mutanen Kartaj", a bakinsu tana nufin yaudara. Kartaj babban birni ne a gaɓar Afirka ta Arewa, kusa da Tunis ta yau, kuma Libiyus ya ce Hanibal, jagoran yaƙinsu, ya fi ma mutanensa ha'inci. Suna kuma da labarin Regulus, kwamandan Rum da aka kama a 255 kafin Miladiyya. An ce Kartaj ta aike shi gida neman sulhu bisa rantsuwar zai dawo, ya je ya shawarci majalisa ta ƙi, sannan ya koma aka kashe shi da azaba. Polibiyus, Bagirken da ya fi kusa da zamanin cikin masu tarihin da rubutunsu ya iso mana, bai ambaci wannan komawa ba, shi ya sa masana da yawa ke ɗaukarta almara.

Amma laifi tudu ne. Wajen 238 kafin Miladiyya, Kartaj ta fito a galabaice daga tawayen sojojin hayarta, Rum ta ƙwace tsibirin Sadiniya ta kuma ƙara mata tara. Polibiyus, duk da ƙaunarsa ga Rum, ya ce wannan ya saɓa wa adalci. A 149 kuma Rumawa suka karɓi 'ya'yan manyan Kartaj 300 a matsayin garkuwa, suka karɓe makamansu, sai bayan nan suka ce a tashi daga birnin a koma nesa da teku. A 146 aka rushe shi. Littattafan Kartaj kusan duk sun salwanta, don haka muryar mai nasara ce ta fi isowa gare mu.

Wani abin da ya faru a 191 kafin Miladiyya ya nuna yadda kalma ɗaya ke iya zama tarko. Mutanen Aitoliya, a ƙasar Girka, suka yarda su shiga in fidem ɗin Rum, suna zaton afuwa suka nema. A wurin Rumawa kuwa wannan miƙa wuya ne ba sharaɗi. Da jakadansu Fayineyas ya ce wa kwamanda Gilabriyo buƙatunsa sun saɓa wa al'adar Girkawa, sai kwamandan ya sa aka kawo sarƙoƙi da ƙarafan wuya, don su gane matsayinsu. Fides tsakanin mai ƙarfi da mara ƙarfi alkawari ce da mai ƙarfin ke fassarawa.

Audacia ita ma ba ƙarfin hali ba ce?

Ƙarfin hali ce, amma tana tsaye a kan iyakar jarunta da ganganci. Daga audere ta fito, yin ƙuru. Sisero ya ce zuciyar da ta shirya fuskantar hatsari don son ranta, ba don amfanin jama'a ba, sunan audacia ya fi dacewa da ita a kan fortitudo, jarunta. Da audacia ya zargi Katilina, mai ƙulla makircin kifar da mulki, a gaban majalisa a 63 kafin Miladiyya. A bakin soja kuwa takan zama yabo.

Mutane suna son karin maganar nan, audentes fortuna iuvat, sa'a tana taimakon masu ƙuru. Ya kamata a san wa ya faɗe ta. A waƙar Birjil Turnus ne, abokin gaban jarumin waƙar, kuma da kisansa waƙar ta ƙare. 'Yar uwarta, fortes fortuna iuvat, Filini Babba ya faɗe ta a 79 Miladiyya, lokacin da dutsen Besubiyus ya yi aman wuta. Shi ne kwamandan jiragen ruwa a Misenum, ya fita ceton mutane, matuƙinsa ya ce a juya, ya ce a ci gaba. Ya rasu a gaɓar Sitabiya. Ɗan 'yar uwarsa, Filini Ƙarami, ya ba da labarin a wasiƙa. Ina girmama abin da dattijon ya yi, don ceto ya fita. Amma mai son sa maganar a take ya san tarihin da take ɗauke da shi. Ganganci tsantsa kuwa temeritas ne, girman kai superbia, ɗagawa arrogantia.

Securitas fa?

An gina ta daga se, "ba tare da", da cura, damuwa. Kwanciyar hankali ke nan, kuma da wannan ma'ana masana falsafar Rum suka yabe ta. Amma tana iya zama sakaci. A shekara ta 9 Miladiyya kwamandan Rum Barus ya yi watsi da gargaɗin da aka yi masa, ƙabilun Jamus suka yi masa kwanton ɓauna a dajin Tutobag, runduna uku suka hallaka. Beleyus, wanda ya yi aikin soja a yankin, ya rubuta cewa securitas ce ta fi yawan zama mafarin bala'i. Ma'anar "tsaro" ta ƙarfafa ne a zamanin sarakuna, lokacin da kalmar ta fara bayyana a sulallan Nero.

Yaya zan ce "yarda da kanka" ko "na yarda da kaina"?

Ga mutum ɗaya, namiji ko mace: confide tibi, ko fide tibi. Ga jama'a: confidite vobis. "Na yarda da kaina" mihi confido. "Na yarda da kai" tibi confido. "Gaskata ni" mihi crede, wadda ta cika wasiƙun Rumawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne confide sibi. Sibi na mutum na uku ne kaɗai, "kansa" ko "kanta", don haka ba ya zama da umarni ga wanda kake magana da shi. Sibi confidit, ya yarda da kansa, wannan daidai ne.

A shuɗaɗɗen lokaci aikatan nan suna da wata ɗabi'a: namiji ya ce confisus sum, mace ta ce confisa sum, na dogara. Fidelis da audax ba sa canzawa tsakanin namiji da mace. Fidus kuwa yakan koma fida ga mace, jam'in fidelis kuma fideles.

Yaya ake furta su?

A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a, domin Latin yana raba dogon wasali da gajere, kuma kamar a Hausa ba a nuna hakan a rubutun yau da kullum. Yadda gari na mutane da gari na tuwo suke rubutu ɗaya, haka fides. In ka gajarta wasalin farko, fidees, amana ce. In ka ja shi, fiidees, ya zama "za ka yarda". Akwai ma wata fides dabam mai nufin tsirkiyar garaya.

A furucin zamanin Sisero harafin c kullum k ne, v kuma w: fiiduukiya, koonfiidentiya, kreedere, audaakiya, seekuuritaas. A furucin coci, wanda ya bi Italiyanci, za ka ji fiduciya da c irin ta Hausa, da konfidentsiya. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa.

Yaushe fides ta koma nufin imani na addini?

Da Kiristanci ya shiga Latin. Masu fassara sun buƙaci kalmar da za ta ɗauki pistis ta Girkanci, sai suka ɗauko fides, fassarar Littafi Mai Tsarki ta Jerom kuma, wadda ya fara a 382 ya kammala wajen 405, ta kafe wannan amfani. Agustin, bishop ɗin Hifo a ƙasar da yau take Aljeriya, ya raba tsakanin abin da aka yi imani da shi da imanin da ke cikin zuciyar mai yi. A ƙarni na 16 Martin Luta da mabiyansa suka ɗaga taken sola fide, da imani kaɗai, malamansu kuma suka ce imani bai cika da sani da gaskatawa ba sai an haɗa da fiducia, dogaron zuciya. Mai karatu Musulmi zai ji ƙamshin tawakkali a nan, ko da yake kowane addini da yadda ya tsara ma'anar.

A 1521 Fafaroma Liyo na 10 ya ba Sarki Henri na 8 na Ingila laƙabin Fidei Defensor, mai kare addini. Sarkin ya ɓalle daga cocin Rum daga baya, amma har yau haruffan F.D. suna jikin sulallan Birtaniya.

Mene ne kishiyoyinsu?

Diffidentia, rashin yarda da kai ko da wani, ɗari-ɗari. Perfidia, cin amana. Infidus, wanda ba a dogara da shi. Infidelis da farko maci amana take nufi, sai a bakin coci ta koma wanda bai yi imani ba.

In take nake nema wa makaranta ko ƙungiya, me za ka ba ni shawara?

Fara da tambayar kanka wane hali kake so a gani. In amana ce, fides ko siffar fidelis. Semper fidelis, amintacce kullum, ita ce taken sojojin kundumbalar ruwa na Amurka tun 1883, don haka an riga an san ta da su. In yarda da kai ce, fiducia. Fides et fiducia ta haɗa biyun a kalma uku, nahawunta kuma lafiyayye ne. Fide et fiducia na nufin "da amana da yarda da kai", in kana so taken ya nuna abin da ake aiki da shi.

In kuma jimla kake so daga bakin Barume, akwai biyu da nake ƙauna. Birjil ya ce game da matuƙan da ke tseren jirgin ruwa, possunt quia posse videntur, suna iyawa domin suna ganin za su iya. Mawaƙi Horas kuma ya ce qui sibi fidet, dux reget examen, wanda ya yarda da kansa shi zai ja ragamar taron ƙudan zuma. Yana magana ne a kan marubutan da ke kwaikwayon wasu, yana cewa shi ya taka inda ƙafar kowa ba ta taka ba. Kowace ka ɗauka, kai wa wanda ya karanci nahawun Latin ya duba ƙarshen kalmomin kafin mai fenti ya hau tsani, domin fides, fide, fidem da fidei aiki huɗu suke yi dabam-dabam.